Jirgin dakon kaya na Japan a ma'aunin 1/72: a sa masa haƙarƙari ko a bar shi yadda masu shi suka yi?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawarar manya nake nema. Na ɗauko aikin ƙaramin jirgin ruwa na katako, irin wanda Japanawa suka yi dakon kaya da shi a zamanin Edo, tsakanin 1603 da 1868, wanda suke kira bezaisen. Nau'in da nake so shi ne higaki kaisen, mai jigila daga Osaka zuwa birnin Edo, wato Tokyo ta yau. Gangar jikin manyan ta kan kai mita 30, don haka a ma'aunin 1/72 zai fito kusan santimita 42. Kamfanin Woody Joe na Shizuoka yana sayar da shi a yayyanke a wannan ma'auni, amma kuɗinsa da na kawowa sun fi ƙarfina. Da katakon kasuwa zan yi.

Ga inda na tsaya. Jiragen Turawa da na saba haɗawa hanyarsu ɗaya ce: ƙashin baya, haƙarƙari, sannan a lulluɓe da siraran katako. Wannan kuwa na duba zanensa sama da ƙasa, babu haƙarƙari ko ɗaya. Shin in sa nawa a ɓoye daga ciki in rufe, ko in bi yadda suka yi?

Baba Kafinta:
Wa alaikumus salam ɗana. Sa haƙarƙarinka ka huta. Abin da ido zai gani shi ne waje. Allo mai faɗi da aka manna gefe da gefe ba tare da abin da ya riƙe shi daga ciki ba, hunturu ɗaya ya ishe shi. Na ga ƙofofi da teburan da suka buɗe baki a watan Janairu, balle katako mai kaurin farce.

Injiniyan Apapa:
Baba, a gafarce ni, a nan kam ban bi ka ba. Idan ya sa haƙarƙari, jirgin Bature ya ƙera ya sa masa rigar Japan. Kuma maganar cewa ido ba zai gani ba, zai gani. Daɓen saman wannan jirgi ba a kafe yake ba, alluna ne da ake ɗagewa ɗaya bayan ɗaya a loda kaya. Duk mai haɗa shi yakan bar wasu a buɗe don a leƙa ciki, kuma cikin ne abin kallon.

Bari in faɗi yadda yake. A ƙasa akwai wani allo mai kauri da faɗi, shimfiɗaɗɗe, sunansa kawara. Shi ne gindin komai. A gabansa a kafa doguwar itaciyar goshi mai tsaga ruwa, miyoshi, a bayansa a tsayar da allon ƙeya, todate. Daga nan sai a hau da allunan gefe hawa uku: nedana a ƙasa, nakadana da ke buɗewa waje sosai, sai uwadana da ke miƙewa kusan tsaye. Kowane hawa alluna ne da yawa da aka haɗa gefe da gefe har suka zama bango guda. Abin da ke hana bangon dama da na hagu haɗewa ko rabuwa shi ne manyan azarori da aka gitta daga wannan gefe zuwa wancan, funabari, wasunsu ma kawunansu sun ɓullo waje. To Baba ka ga akwai mai riƙewa daga ciki, sai dai a gicciye yake.

Baba Kafinta:
To da me suka ɗinke allon da allo? Gam dai ba ya zama a ruwan gishiri.

Injiniyan Apapa:
Da ƙusa, amma ba irin ta kasuwa mai zagaye ba. Faffaɗar ƙusa ce ta maƙera, doguwa, mai ɗan lanƙwasa. Sai a sassaƙa ɗan rami mai kusurwa huɗu a fuskar allo, a huda hanya da wani kurfi na musamman, a kora ƙusar ta bi ta cikin kaurin allon ta faɗa cikin na kusa da shi. Bayan nan a toshe ramin da guntun katako, a wasu wuraren kuma a rufe da tagulla. Layukan nan na ƙananan tabo da kake gani a jikin jirgin a hoto, su ne.

Kafin ƙusa akwai aiki biyu da na tabbata za su burge Baba. Na farko, a jera allunan biyu a matse, a riƙa zura zarto ta tsakaninsu, a sake matsewa a sake zurawa da mai ƙananan haƙora, har bakin biyu su dace babu inda haske zai bi. Na biyu, a bi bakin allon da guduma a daddanne shi. In ya shiga ruwa sai naman itacen da aka danne ya kumbura ya cike duk wata kafa. Inda ya rage a cusa ɓawon itacen hinoki da aka murza kamar igiya.

Na Yawuri:
Ikon Allah. Wannan bai yi nisa da abin da na taso ina gani a bakin ruwa ba. Masu ƙera mana manyan kwale-kwale su ma daga allon ƙasa suke farawa, su tayar da gefe, ƙusa da toshiya, sannan a gitta itace a sama. Ba wanda ke fara tsayar da ƙwarangwal. Kuma ba sa zane a takarda, a kai abin yake.

Ɗalibin Niigata:
Yaya Na Yawuri, su ma kusan haka ne. Zanen da suke yi a kan allon katako suke yinsa, yawanci kashi ɗaya bisa goma, kuma galibi gefen jirgin kawai yake nunawa. Sauran ma'aunai suna wajen maigida, sai yaron da ya daɗe a hannunsa.

Na je tsibirin Sado na shiga cikin Hakusan Maru, wanda aka ƙera a 1998 daga irin wannan zanen allo na wani jirgi na 1858. Kayan da yake ɗauka koku 512 ne, wato kusan rabin na koku 1,000, amma in ka sauka cikinsa sai ka ga fili fetal, babu abin da ya tare ka sai azarorin nan da kake sunkuyawa ka wuce ta ƙarƙashinsu. A nan na gane dalilin ginin. Mai buhun shinkafa da ganga fili yake so. A ƙauyen Shukunegi da ke kusa har gidaje akwai da maƙeran jirgi suka gina, wasu bangayen da allunan jirgi ne, akwai ma wani gida mai kusurwa uku da aka lanƙwasa shi ya bi siffar filinsa.

Ɗan Kurna, in ka cika cikin nan da haƙarƙari ka toshe abin da ya sa aka yi jirgin.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai. Koku ɗin nan nawa ne a ma'auninmu?

Ɗalibin Niigata:
Kusan lita 180, in shinkafa ce kilo 150. Jirgin koku 1,000 ke nan yana ɗaukar tan 150.

Sadaukin Gobir:
Ni fa abin da na ji shi ne da gangan aka yi jiragen nan da rauni. Wai sarakunan Tokugawa, masu mulkin Japan a zamanin Edo, sun hana a sa ƙashin baya, sun hana turken ƙyallen iska fiye da ɗaya, don kada kowa ya iya tsallaka teku ya fita ƙasar. In haka ne, me za a koya daga kwaikwayon abin da aka nakasa da doka? Gara ya bi shawarar Baba.

Malama Mai Tarihi:
Ƙanena, wannan magana ta yaɗu sosai, har a Japan ɗin, amma masana tarihin jiragen ƙasar sun daɗe da ajiye ta. Dokar da aka sani ita ce ta 1635, wadda ta hana mallakar jirgin da ya wuce koku 500, kuma sarakunan yankuna aka nufa da ita, don kada su tara jiragen yaƙi. A 1638 aka fito fili aka cire jiragen 'yan kasuwa daga ciki. Da dokar ta hau kansu, ina za a samu na koku 1,000, har da 1,500 irin wanda ɗan kasuwa Takadaya Kahei ya mallaka? Hana fita waje gaskiya ne an yi, amma mutum aka hana, ba a zauna an tsara wa kafinta yadda zai jera allo ba.

Abin da ya siffanta jirgin nan kasuwa ce. Edo ta cika da jama'a har ta kai miliyan a ƙarni na 18, kuma da yawa daga abin da take ci da sha da sawa daga yankin Osaka yake zuwa: auduga, mai, ruwan tsami, miyar waken soya, takarda, giyar shinkafa. Tun wajen 1619 aka fara wannan jigila. A 1730 masu giya suka ɓalle suka kafa nasu layin, taru kaisen, domin kayansu iri ɗaya ne, lodinsa ba ya cin lokaci, ba za su zauna jiran mai auduga da mai takarda su cika jirgi ba. Gasa ta sa kowa neman hanyar rage ma'aikata. Jiragen farko suna haɗa iska da masu tuƙi da hannu, daga baya aka koma iska zalla. Turke ɗaya da ƙyalle ɗaya ƙato, ga na'urar murɗa igiya a cikin ɗakin baya da ake ɗaga ƙyallen da ita, sai ya zama mutum 15 ko ƙasa da haka sun isa su tafi da tan 150. Wannan lissafin mai dukiya ne.

Sadaukin Gobir:
Malama na ji batun doka. Amma raunin fa? Ba za ki ce ba su riƙa ɓacewa a teku ba.

Malama Mai Tarihi:
Sun ɓace, da yawa ma. Tokujo Maru ya tashi daga Edo a 1813, guguwa ta lalata shi, ya yi kwana 484 yana yawo a tekun Fasifik kafin wani jirgin Ingila ya tsince shi a kusa da gaɓar Kalifoniya. Mutum 3 suka rage cikin 14. Amma ka lura da inda abin yake faruwa. Jirgin gaɓa ne, an yi shi don ya bi bakin ƙasa daga tasha zuwa tasha, ya fake in sama ta ɓaci. In iskar hunturu ta arewa maso yamma ta fizge shi ta jefa cikin Kuroshio, wato ruwan teku mai gudu da ke bi ta gefen Japan, ya shiga ruwan da ba don shi aka ƙera shi ba.

Injiniyan Apapa:
In ƙara a kan na Malama, domin wannan ya shafi aikin Ɗan Kurna kai tsaye. Raunin yana wuri biyu, kuma duka biyun dole su fito a ƙaramin jirgin. Na ɗaya daɓen da na faɗa, wanda ruwa ke bi ta tsakaninsa. Na biyu allon juyi na baya. Ƙato ne ƙwarai, don jirgi mai nauyi ya iya juyawa a ƙaramar tasha, kuma ba a kafe shi da ƙarfe ba. A rataye yake da igiyoyi, yadda za a janye shi sama in an shiga ruwa marar zurfi. Dabara ce mai kyau a tasha. A cikin guguwa kuwa igiyar ruwa na dukansa ta baya, shi kuma ya riƙa dukan katakon da ke kewaye da shi har ya farfasa. In ya tafi, abin da ya rage wa matuƙa shi ne su sare turken don kada jirgin ya kife, daga nan kuma sai yadda ruwa ya yi da su.

Saboda haka Ɗan Kurna, kada ka manne allon juyin da gam. Rataye shi da zare yadda yake, a bar ƙeyar a buɗe, mai kallo ya ga yana motsi. Wanda ya taɓa shi da yatsa ya ji yana lilo ya fahimci labarin Tokujo Maru ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Alhaji na Maraɗi:
Ni ba kafinta ba ne, sha'awa ce ta kawo ni. Amma da ni ne, na arewa zan ƙera, kitamaebune. Na Osaka zuwa Edo ɗan dako ne, kuɗin ɗauka kawai yake karɓa. Na arewa kuwa mai jirgin shi ne mai kayan, kamar fataken da, yana tafe yana saye yana sayarwa. Ya tashi daga Osaka da bazara da gishiri da auduga da tsofaffin tufafi, ya ratsa ta Shimonoseki ya bi gaɓar tekun Japan har Hokkaido, ya juyo da busasshen ganyen teku kombu da takin kifi da manoman auduga ke rububi. Zuwa ɗaya a shekara, amma ribar na iya kai mutum ga arziki, tunda shi kaɗai ya san farashin can da na nan. Wayar tangaraho da jirgin ƙasa da jirgi mai tururi ne suka kashe sana'ar, domin da farashi ya zama kowa ya sani, ribar ta zube.

Malama Mai Tarihi:
Haka ne Alhaji. Hanyar ma ɗan kasuwa Kawamura Zuiken ne ya daidaita ta a 1672, don kai shinkafar gwamnati daga Sakata. Ginin jikinsu ɗaya ne da na Ɗan Kurna, sai dai na arewa na baya-bayan nan goshinsu da ƙeyarsu sun fi ɗagawa sama.

Ɗan Kurna:
Alhaji, in Allah ya sa na gama wannan, shi ne na gaba. Ragar nan mai siffar lu'ulu'u da ke gefen higaki kaisen ce ta ja ni, alamar da ke nuna jirgin na ƙungiyar masu wannan jigila ne. Yanzu dai na karkata ga bin hanyarsu. Amma tsoron da Baba ya faɗa yana nan, kuma gaskiya ne. Baba, in dole sai an yi babu haƙarƙari, yaya za a yi ya tsira?

Baba Kafinta:
Har yanzu ina ganin wahala za ka sha, kuma ban janye maganata a kan allo mai faɗi ba. Amma tunda ka nace, saurara.

Kada ka sayi sabon katako. Nemi tsohon obeche ko melaina da ya shekara a ɗaki, irin na tsohuwar durowa, mai miƙaƙƙen gashi babu ido. Maɗaci ka ajiye shi don goshi da azarori da allon juyi, ya yi tauri da yawa ga gefe. Sannan ka yi aikin haɗin a tsakiyar hunturu, lokacin da katako ya gama ƙanƙancewa. Abin da aka haɗa a bushe, in damina ta zo kumbura zai yi ya ƙara matsewa. Wanda aka haɗa a watan Agusta shi ne ke tsagewa. Ashe ma abin da mutanen naka ke nema da gudumarsu ke nan.

Na biyu, yanka ma'aunai na kwali mai kauri ko falwud, guda biyar ko shida, siffar cikin jirgin a wurare daban-daban. Kafa su a kan allon ƙasa da ɗigon gam kaɗan, ka jingina allunan gefe a kansu har su kama, ka sa azarorinka, sannan ka ɓalle ma'aunan ka fitar. Ka sami amfanin haƙarƙari, kuma ba ka bar shi a ciki ba.

Na uku, kuma nan ne aikin yake: bakin allo. Inda na ƙasa ya haɗu da na tsakiya ba a miƙe suke haɗuwa ba, a karkace ne, kuma karkatar tana canzawa daga tsakiya zuwa goshi. Manna sanfefa a kan gilashi, ka riƙa goga bakin kaɗan-kaɗan kana gwadawa, kana ɗaga shi ga fitila. In haske ya bi, bai yi ba. Kada ka ce gam zai cike. Farin gam na kafintoci za ka sa, siriri, ba mai kamawa nan take ba, wanda ke ƙandarewa ya karye. Wajen lanƙwasa kuma, jiƙa allon a ruwan zafi, ka bi da shi a kan bututun ƙarfe mai ɗumi, ka ɗaure shi a ma'auni ya kwana.

Injiniyan Apapa:
Wannan dabarar ma'aunin cirewa ta warware rigimar gaba ɗaya. Allah ya ƙara girma Baba.

Baba Kafinta:
Amin. Ba ta warware ba tukuna, sai ya ga damina biyu.

Maman Hanif:
Kun yi ta maganar katako kun bar abin da ya fi komai girma a jirgin. Ƙyallen nan in ya yi kauri, duk wahalarku ta tashi a banza, zai tsaya ƙiƙam ya danne jirgin. Ƙyalle nawa ne a jere, kuma nawa ne faɗin kowanne?

Ɗalibin Niigata:
Anti, na koku 1,000 yakan kai tsiri 25, kowanne faɗinsa kusan santimita 75, a tsaye. A ma'auninsa santimita ɗaya da ɗan kai ke nan. Kuma akwai abin lura. Da can siraran yadi biyu ake haɗawa a yi ta soka musu zare don su yi ƙarfi, aiki mai cin rai. A 1785 wani matuƙi ɗan Takasago, Kuraku Matsuemon, ya fito da saƙa mai kaurin zare wadda ba ta bukatar wannan, ta kuma karɓu ko'ina. Tsirin ba a ɗinke su gam ba, da igiya ake zarge su, har akwai 'yar kafa a tsakani.

Maman Hanif:
To kada ya yanka tsiri 25, bakin zai zare ya yi gashi, kuma ɗinkin keke a santimita ɗaya zai fito kamar igiyar rijiya. Ya sami farin yadin auduga mafi laushi, irin na hankici, ya wanke ya cire sitaci. A kowane santimita ya zare zare ɗaya ko biyu daga saƙar, daga sama har ƙasa. Layin da zai bari shi ne kafar da kake faɗa, kuma haske zai bi ta ciki. Sai ya tsoma a ruwan shayi marar ƙarfi ya kashe farin. In yana so ya kumbura kamar iska na ciki, ya shafa farin gam da aka tsinka da ruwa, ya shanya shi a kan cikin tulu ko ƙwarya. Baƙin tambarin da na gani a wasu hotuna fa?

Ɗalibin Niigata:
Alamar mai jirgi ce, don a gane shi daga tudu tun yana nesa. Baƙaƙen layuka ne a wasu tsirin, kowa da nasa tsarin.

Maman Hanif:
Wannan da fenti zai yi, busasshen buroshi, kafin ya sa gam. Tawada za ta bi zare ta yaɗu.

Na Yawuri:
Tabon ƙusoshin fa? A 1/72 ai ba su wuce ƙwayar gero ba. Ni da na bar su.

Injiniyan Apapa:
Kada ya bari. Su ne shaidar yadda aka ɗinke jirgin, in babu su sai ya zama kamar an sassaƙa shi daga gungume. Ya wasa bakin ƙaramin sukudireba ya zama siriri, ya ja layi da fensir, ya riƙa dannawa a tazara ɗaya, sannan ya shafa ɗan launi mai duhu ya goge. Inda tagulla take, goshi da kawunan azarori, takarda mai kauri da aka yi wa fenti ta fi ƙarfen gaske kwanciya. Turken ma ba sanda ɗaya ba ce a manyan jirage, itatuwa ne aka haɗa aka ɗaure da zobban ƙarfe, don haka ya ja masa layuka a tsaye ya naɗa zobban da baƙar takarda.

Ɗan Kurna:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na sami tsohuwar durowar obeche a gidan kawuna, zan fara da kawara da ma'aunan kwali. Saura abu biyu. Ragar gefen da me zan yi ta, kuma anka, wato ƙarfen tsayar da jirgi, nawa zan ɗora a goshi?

Ɗalibin Niigata:
Manyan sukan ɗauki 7 ko 8, na ƙarfe, kowanne da ƙugiya huɗu, girmansu ba ɗaya ba. Kada ka manta da ƙaramin kwale-kwalen sauka, a kan jirgin ake ɗora shi.

Baba Kafinta:
Anka, murɗa wayar tagulla huɗu wuri ɗaya, ka narka musu dalma, ka buɗe ƙasan ka lanƙwasa, ka daddale bakin da guduma. Raga kuma gora za ka tsaga, ka fere ta da reza har ta kai rabin milimita. Zana lu'ulu'un a takarda, shimfiɗa leda a kai, ka jera na hagu duka tukuna, sannan na dama a samansu, ɗigon gam a kowace mahaɗa da bakin allura. Bar ta ta bushe a ƙarƙashin gilashi kafin ka yanka tsawon da kake so. Ka turo hoton allon ƙasa da na farkon gefe kafin ka sa gam, ina so in ga bakin.